An Kafa Kwamitin Iyaye a Makarantunmu, Saura Kayan Aiki

Kowace shekara idan damina ta kama, iskar farkon ruwa takan yaye kwanon ajujuwa a makarantun furamare da dama a wannan yanki namu. Abin da ke biyo baya kuwa kowa ya san shi. Hedimasta ya rubuta takarda zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ofishin ya aika da ita hukumar ilimi ta jiha, sai a shiga jira. Kafin amsa ta dawo sau da yawa an riga an yi girbi. Yaran kuwa ko dai a haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya, ko a koma da su gindin mangwaro, ko a sallame su duk ranar da hadari ya haɗu.

Abin mamaki shi ne, akwai kafinta a garin, akwai iyayen da ke shirye su ɗauki katako a kansu, akwai kuma kwamitin makaranta da aka kafa domin irin wannan rana. Abin da ya rage shi ne kuɗin ƙusa da kwano, da kuma sanin hanyar da za a bi a same su. Wannan shi ne batun da muke so mu duba yau tare da masu karatu: mene ne wannan kwamiti, daga ina kuɗinsa ya kamata ya fito, kuma wane irin taimako yake bukata kafin ya amfani 'ya'yanmu?

Yadda muka iso nan

Sa hannun iyaye cikin tafiyar da makaranta tsohon abu ne a wurinmu. Dattawanmu suna tuna yadda aka gina makarantun mishan na farko a ƙauyuka: maza su buga tubali, mata su jawo ruwa, samari su yanko ciyawar jinka. Wanda ya ɗora jinka da hannunsa kuwa ba ya bari akuya ta kwana a ajin. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓi akasarin waɗannan makarantu, sa'an nan a 1976 aka soma shirin ba da ilimin furamare kyauta ga kowa, wato UPE. Shirin ya buɗe wa miliyoyin yara ƙofar makaranta, wannan babu musu. Amma ya zo da wani tunani da ya zauna a zukatan jama'a, cewa makaranta kayan gwamnati ce, in ta lalace gwamnati ta zo ta gyara abinta.

A ranar 30 ga Satumba 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, wato UBE, a Sakkwato, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida a furamare da uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Ba a daɗe ba hukumomi suka gane cewa daga Abuja ko daga babban birnin jiha ba za a iya ganin kowane aji mai yoyo ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Saboda haka wajen 2005 zuwa 2006 Majalisar Ƙoli ta Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa kwamitin kula da makaranta a kowace makarantar gwamnati, wanda aka fi sani da SBMC.

Bambancinsa da PTA

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan kwamiti da ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA, a matsayin abu ɗaya. Akwai bambanci. PTA ta iyayen da ke da yara a makarantar ce tare da malamai. SBMC kuwa na dukan gari ne. Bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa, ana samun wakilan PTA a ciki, da wakilin sarki ko dagaci, da wakilan ƙungiyoyin mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'ar hannu irin su magina da kafintoci, da wakilan addinai, da malamai, har ma da wakilan yaran kansu, mace da namiji. Hedimasta yakan riƙe muƙamin sakatare, shugaban kuwa daga cikin jama'ar gari ake zaɓensa. Tun da yake kusan duk waɗanda ke zaune a kujerun nan iyaye ne, to kwamitin iyaye ne a zahiri.

Aikinsa shi ne ya zauna da hedimasta su tsara abin da makaranta ke bukata a shekara, ya lura da zuwan malamai da na yara, ya bi sawun yaron da ya daina zuwa, ya kula da kayan makaranta, ya kai kukanta gaban hukuma, ya kuma riƙe duk kuɗin da aka ba ta domin gyara. Ba shi da ikon ɗaukar malami ko korarsa, kuma ba shi ne ke biyan albashi ba. Ya kamata a san wannan tun da wuri, domin rashin sanin iyaka shi ne ke haɗa kwamiti da malamai faɗa.

A wurare da yawa dai an kafa kwamitin ne a kan takarda. Aka ce a kawo sunaye, hedimasta ya rubuta na waɗanda ya sani, aka kai ofis aka ajiye. Akwai mutanen da sunansu ke cikin jerin har yau ba su san suna ciki ba. Irin wannan kwamiti ko an zuba masa kuɗi ba abin da zai tsinana.

Hanyoyin da kuɗi ke bi

Hanya ta farko ita ce ta gwamnati. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, ta hannun hukumar UBEC. Babban kaso daga ciki ba ya fita sai jiha ta ajiye nata daidai da shi, kuma an sha samun lokutan da biliyoyin naira suka yi ta zama a Abuja saboda wasu jihohi ba su kawo nasu ba. Wannan kuɗi hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ita ke kashe shi, galibi ta hanyar 'yan kwangila. Amma UBEC tana da wani shiri dabam na inganta makarantu wanda ke aika kuɗi kai tsaye zuwa asusun kwamitocin da aka zaɓa, domin gyaran ajujuwa, da kujeru, da bayan gida, da ruwan sha. A irin wannan shiri ana sa ran gari ya kawo tasa gudummawa, ko kuɗi, ko yashi da dutse, ko aikin gayya. Ba kowace makaranta ke samu ba, kuma wadda ba ta da kwamiti mai rai da asusun banki da rubutaccen tsari, ita ce ta farko da za a tsallake.

Hanya ta biyu ita ce ta masu ba da agaji daga waje. Daga 2008 zuwa 2017 shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, ya yi aiki a jihohin Kano, Kaduna, Jigawa, Kwara, Enugu da Legas. Ƙarfinsa ya fi karkata ga horar da kwamitoci da ziyartarsu a kai a kai, ta hanyar haɗa jami'an wayar da kai na ofishin ilimi da ƙungiyoyin sa-kai, tare da kafa ƙananan kwamitocin mata da na yara domin a ji muryarsu. A 2015 aka soma shirin NIPEP da dala miliyan 100 a jihohin Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato, wanda ya riƙa tura tallafin gyara zuwa asusun makarantu. A 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE na karatun 'yan mata da dala miliyan 500, aka fara da jihohi bakwai: Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato, daga baya aka ƙara wasu. A nan ma kwamitocin makarantu ne aka ɗora wa riƙon kuɗin gyare-gyare. Matsalar wannan hanya ita ce kowane shiri yana da ranar ƙarewa. Idan jiha ba ta sa abin cikin kasafin kuɗinta ba, ranar da baƙi suka naɗe tabarma sai kwamiti ya koma barci.

Hanya ta uku ita ce aljihun iyaye, kuma a nan ne ake bukatar hattara. Dokar 2004 ta hana karɓar kuɗin makaranta a wannan mataki. Gudummawar da mutum ya bayar da ransa abu ne mai kyau, amma da zarar an ce yaron da bai kawo ba ya koma gida, to an mai da kwamiti mai karɓar haraji, kuma ɗan gwauruwa da maraya su ne za su fara zama a gida. Kwamitin da aka kafa domin ya dawo da yara makaranta bai kamata ya zama dalilin korarsu ba.

Darasi daga maƙwabtanmu

Jamhuriyar Nijar ta riga mu gwada wannan hanya, kuma abin da ta gani ya cancanci mu saurara, domin ƙauyukanta da namu kusan ɗaya ne. A can a da ana kiran irin wannan kwamiti COGES, kuma wakilan iyaye maza da na ƙungiyar iyaye mata suna da babban matsayi a cikinsa. Daga 2004 hukumar agaji ta Japan, JICA, ta soma wani shiri a jihar Tawa wanda ya tsaya a kan abubuwa masu sauƙi: a zaɓi wakilai ta hanyar jefa ƙuri'a a asirce, a tara gari a tsara aikin shekara, a kuma dawo a ba da rahoto gaban jama'a. Daga baya aka yaɗa tsarin a duk ƙasar.

A ƙarshen 2007 aka yi wani gwaji a jihohin Tawa da Damagaram. Daga cikin makarantu 1,000 aka zaɓi 500 ta hanyar ƙuri'a aka ba kwamitocinsu kuɗi, kimanin dala 200 kowace makaranta, wato ƙasa da dala biyu a kan kowane yaro. Da masu bincike suka koma, sai suka tarar iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, yaran ƙananan ajujuwa sun fi zama a makaranta. Amma da aka gwada karatun yaran, ba a ga ya ƙaru ba. Har ma an ga fashin malamai ya ɗan ƙaru a makarantun da suka sami kuɗin.

Bayan wasu shekaru aka sake wani gwajin a Nijar ɗin. A wannan karo wasu makarantu kuɗi kaɗai aka ba su, wasu kuwa aka haɗa musu da horo: yadda za a gwada yara a ga wanda ya iya karatu da lissafi, yadda za a bayyana wa iyaye sakamakon a taron gari, da yadda za a kashe kuɗin a kan abin da zai gyara matsalar, kamar littattafan aiki da ƙarin darasi bayan an tashi. A makarantun da suka sami kuɗi tare da horo ne aka ga karatun yara ya ɗaga.

Ma'anar wannan a fili take. Iyaye suna ganin bango da kwano da ƙofa, don haka nan suke fara kai kuɗi, kuma ba laifi ba ne. Amma uban da bai taɓa shiga aji ba ba shi da yadda zai san cewa 'yarsa ta kai aji huɗu ba ta iya karanta sunanta ba, sai an nuna masa. Ranar da ya sani kuwa, tambayoyin da zai yi a taro za su sake.

Akwai kuma darasin ƙasar Yuganda game da kuɗin da ke ɓacewa a hanya. Wani bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, daga cikin kuɗin gudanarwa da gwamnati ke aikawa makarantun furamare, kimanin kashi 13 cikin 100 ne kaɗai ke isa. Sai gwamnati ta soma buga adadin da ta aika kowace gunduma a jaridu, aka kuma umarci makarantu su liƙa nasu a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80 cikin 100. An yi wasu gyare-gyaren a lokacin, amma sanin da iyaye da hedimastoci suka yi na abin da ke haƙƙinsu ya taimaka ƙwarai. Ɓarawo ba ya son fitila.

Abin da kwamiti ke bukata a aikace

Na farko, zaɓe na gaskiya. A sanar a majami'a da masallaci da kasuwa, a tara jama'a a harabar makaranta, a zaɓi mutanen da ke zaune a garin, ba manyan da ke zuwa sau ɗaya a shekara ba. A ba mata kujerunsu da gaske, domin uwa ce ke fara sanin dalilin da ya sa yarinya ta ƙi zuwa makaranta, ko rashin bayan gida ne, ko talla, ko tsoron wani malami. A kuma sa wa'adi, don kada kujera ta zama gado.

Na biyu, asusun banki da sunan makaranta, ba da sunan wani mutum ba, wanda ba a cire ko sisi sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Kuɗin makaranta bai kamata ya kwana a aljihun shugaba ko a akwatin hedimasta ba, ko da kuwa su masu gaskiya ne. Wannan tsari kariya ce gare su daga zargi.

Na uku, littattafai uku masu arha: na rubuta abin da aka tattauna a taro, na shiga da fitar kuɗi, da na kayan makaranta. Kowane sayayya da rasit ɗinsa. Inda mai sayarwa ba shi da rasit, kamar mai kawo yashi a amalanke, a rubuta takarda ya sa hannu ko ya dangwala a gaban shaidu.

Na huɗu, rubutaccen tsarin shekara. A zagaya makaranta a ƙidaya yara da malamai da kujeru da littattafai, a jera bukatu, sa'an nan a raba su gida uku: abin da gari zai iya yi da hannunsa, abin da ke bukatar ɗan kuɗi, da abin da sai hukuma. Shara da shinge da dashen itatuwa da rakiyar ƙananan yara ba sa jiran Abuja. Ƙarin malamai kuwa sai an rubuta, an bi sawu, an sake bi. Kwamitin da ya je ofishin sakataren ilimi da takarda mai ɗauke da alƙaluma ya fi wanda ya je da baki kawai samun kunne.

Na biyar, horo da ziyara. Bita ta kwana biyu a hedikwatar ƙaramar hukuma ba ta isa ta mai da manomi ma'aji ba. Ana bukatar wanda zai riƙa zuwa ƙauyen, ya zauna a taronsu, ya duba littafin kuɗi, ya gyara kuskure tun yana ƙarami. Ofisoshin ilimi suna da jami'an wannan aiki, amma jami'in da ba shi da man babur ba ya zuwa ko'ina. Duk jihar da ke son kwamitocinta su rayu, to ta sa kuɗin wannan zirga-zirga a kasafinta. A kuma yi horon da takardun cikin Hausa ko harshen garin.

Na shida, ɗan kuɗin gudanarwa da ke zuwa kowane zango ba fashi. Kaɗan mai zuwa a kan lokaci ya fi mai yawa da ke zuwa sau ɗaya a shekara biyar, domin shi ne ke sayen alli, ya gyara ƙofa, ya maye gurbin kwano ɗaya kafin iska ta ɗauke sauran.

Na bakwai, bayani a fili. A ƙarshen kowane zango a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita, a liƙa a bangon ofishin hedimasta. A wannan taron ne kuma ya kamata a faɗi yara nawa ne a aji uku suka iya karanta gajeren labari, nawa ne ba su iya ba, da abin da za a yi musu.

Namu rabon

'Yan'uwa, akasarin yaran da ke cika benci a makarantar Lahadi, a makarantun gwamnati suke karatu daga Litinin zuwa Juma'a. An kuma ware wa wakilan addinai kujera a wannan kwamiti. Tambayar ita ce, wa ke zaune a kanta a garinku, kuma yaushe rabon da ya kawo rahoto?

A ikilisiyoyinmu akwai malamai da suka yi ritaya, akwai akawu, akwai magina, akwai matan zumunta da suka shekara suna riƙe littafin kuɗi ba a taɓa samun sisi ya ɓata ba. Wannan gwaninta ce da kwamitocin makarantu ke nema ruwa a jallo. Malamin da ya yi ritaya zai iya ba da yamma biyu a mako ga yaran da karatu ya ba su wuya. Ma'ajin zumunta za ta iya zama da ma'ajin kwamiti ta nuna masa yadda ake ja layi a littafi. Lokacin sanarwa a sujada kuma zai iya ɗaukar ranar taron makaranta.

Sai dai mu tuna cewa makarantar gwamnati ta kowa ce. Wanda ya shiga kwamiti ya shiga ne domin dukan yaran garin, ɗan Kirista da ɗan Musulmi, ɗan gari da ɗan baƙo. A garuruwan da aka sha fama da rashin jituwa, teburin wannan kwamiti yana cikin 'yan wuraren da maƙwabta ke zama a kan buri ɗaya. Kada mu ɓata shi da neman rinjaye.

Ga hukumomi kuwa, roƙonmu shi ne kada a ɗora wa iyaye kaya a hana su gammo. Kafa kwamiti bai sauke wa gwamnati nauyin ɗaukar malamai da biyansu a kan lokaci da gina ajujuwa ba. Iyaye masu taimako ne, kuma taimakonsu yana ƙaruwa ne idan sun ga hukuma ta yi nata.

Mai karatu, a wannan mako ka je makarantar da ɗanka yake, ka gai da hedimasta, ka yi masa tambaya uku cikin ladabi: su wane ne 'yan kwamitinmu, yaushe suka yi taro na ƙarshe, kuma ina littafin kuɗi? Idan amsar ta gamsar da kai, ka tambayi inda za ka sa hannu. Idan kuwa ba ta gamsar ba, ka nemi iyaye biyu ko uku ku je wurin mai gari a kira taro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba shugabanninmu riƙon amana, ya kuma albarkaci 'ya'yanmu da ilimi mai amfani. Amin.